Awannin Aiki da Awannin Karatu: Uwa Ita Kaɗai a Ƙarƙashin Dokar Tallafi ta Amurka

A ranar 22 ga Agusta, 1996, Shugaba Bill Clinton ya rattaba hannu a kan dokar da ta soke tsohon tsarin tallafa wa iyalai marasa galihu, wanda tushensa ya faro tun 1935, aka maye gurbinsa da shirin TANF. Sabuwar dokar ta ƙayyade cewa iyali ba zai ci kuɗin tarayya fiye da wata 60 ba a tsawon rayuwa, kuma dole mai karɓar tallafi ya yi aiki na awa 30 a mako, ko awa 20 ga wanda yake renon yaro ɗan ƙasa da shekara 6 shi kaɗai. Mafi yawan waɗanda wannan sharaɗi ya hau kansu mata ne. Hujjar wannan maƙala ita ce, illar dokar ta fi yawa a wajen abin da ta yarda ta kira aiki.

Karatun koyon sana'a yana shiga lissafin ainihin awannin aiki na wata 12 kacal. Ƙaramin digiri na kwalejin al'umma kuwa shekara 2 yake ɗauka, digirin farko shekara 4, ga wanda ba shi da goyo ke nan. Da zarar wata 12 ya cika, sai uwa ta nemo awa 20 na wani aiki, ko da shara ce ko jera kaya a kanti, ta ɗora a kan lacca da jarrabawa da kai yaro wajen mai raino. A wurare da dama tana yawo da takardar halarta, malami bayan malami yana sa mata hannu, domin ta kai wa jami'in tallafi. Idan awannin suka gaza, ko don yaro ya kwana da zazzaɓi, ana iya zaftare kuɗin ko a tsayar da shi. Taura biyu ba ta taunuwa, kuma karatun ne ake fara ajiyewa. A Jami'ar Birnin New York, yawan ɗalibai masu karɓar tallafi ya ragu da fiye da rabi cikin 'yan shekaru bayan zuwan dokar.

Su ma jihohi an ɗaure musu hannu. Ana bukatar rabin iyalan da ke shirin su cika sharaɗin aiki, kuma masu karatun sana'a ba za su haura kashi 30 cikin 100 na waɗanda aka ƙirga ba. Don haka jami'in da ya tura mace aikin ƙaramin albashi ya fi taimakon alƙaluman jiharsa.

Masu goyon bayan dokar suna da magana mai nauyi: akwai talakan da ke aiki dare da rana ba tare da an ɗauki nauyin karatunsa ba. Suna kuma kafa hujja da nasarar tsarin fara neman aiki a Riverside ta jihar Kalifoniya. Sai dai binciken cibiyar MDRC ya nuna shirin birnin Portland, wanda ya gauraya neman aiki da horo, ya fi sauran shirye-shiryen da aka bincika ƙara wa mahalarta kuɗin shiga. Jihar Maine kuma ta nuna akwai mafita: shirinta na Parents as Scholars ya bai wa iyaye damar yin digirin shekara 2 ko 4 suna karɓar tallafi.

A ganina, wa'adin wata 12 ba shi da wata madogara a ilimi ko a tattalin arziki. Ya kamata Majalisar Dokokin Amurka ta ɗage shi, ta lissafa karatun digiri a matsayin cikakken aiki har zuwa ranar da uwa za ta kammala.