Wasiƙun da Aka Ɓoye a Cikin Amya

A shekarar 1931 ne wani lauya Bajamushe, Helmuth von Moltke, ya auri matarsa Freya. Gidansu yana ƙauyen Kreisau, inda iyalinsa suke da babbar gona. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939, aka ɗauke shi aiki a ofishin leƙen asirin soja a birnin Berlin, saboda saninsa na dokokin ƙasa da ƙasa. Freya kuwa ta zauna a ƙauye tana riƙon gona da yara.

Kusan kullum sai Helmuth ya rubuta mata. Yakan tambayi labarin gona, ya kuma faɗa mata abin da yake gani: kwashe Yahudawa, harbe fararen hula, da mutuwar fursunonin yaƙi. A mulkin Hitler, irin wannan takarda guda ta isa ta jawo kisa. Saboda haka Freya ta riƙa ɓoye su cikin amyoyin zumarta.

A Janairun 1944 aka kama shi. Daga baya aka gano cewa yakan tara abokai, Katolika da Furotesta, suna shawarar yadda za a sāke gina Jamus bayan faɗuwar Hitler. A ƙarshen Satumba aka kai shi kurkukun Tegel. Faston kurkukun, Harald Poelchau, ya sa ransa cikin hatsari, ya yi ta kai musu wasiƙu a ɓoye har kusan wata huɗu. Sau da yawa Helmuth da ankwa a hannu yake rubutu. A cikinsu suna shirya yadda zai kāre kansa, suna neman hanyar afuwa, suna kuma ƙarfafa juna da Littafi Mai Tsarki domin ranar rabuwa. Bayan shari'a ya shaida wa Freya cewa a matsayin Kirista kawai ya tsaya gaban alƙali Freisler. Ranar 23 ga Janairu 1945 aka rataye shi, yana da shekara 37.

Bayan yaƙi Kreisau ta koma cikin ƙasar Poland, Freya ta fita da 'ya'yanta biyu da takardun mijinta. An buga wasiƙunsa na lokacin yaƙi a 1988. Na kurkukun Tegel kuwa ba ta yarda a fitar ba tana da rai. Ta rasu a Amurka a 2010, aka buga su a 2011.