TARIHIN WASAN KWAIKWAYON MATASANMU A TAƘAICE

Tarihin shekara hamsin na ikkilisiyarmu ba zai cika ba in ba a ambaci wasan kwaikwayon matasa ba.

Wannan hanyar koyarwa daga makaranta ta fito. A 1949 aka buga Wasan Marafa na Abubakar Tunau, mutumin lardin Sakkwato, domin koyar da tsabta. A 1957 kuma aka kafa ƙungiyar FCS a Gindiri, ta bazu cikin makarantun sakandare na Arewa. Daga nan yaranmu suka riƙa dawowa hutu da wasannin Yusufu da 'yan'uwansa, da na Ɗa Ɓatacce, suna yi ranar Kirsimati da zanen uwa da sandar kiwo. Tsofaffin da ba su iya karatu ba ta haka suka ji Littafi Mai Tsarki.

Hare-haren 2020 da 2021 a Sabon Birni, Isa da Gatawa sun watsa iyalai da yawa, wasu har Maraɗi, wasan ya yi sanyi. Iyaye da dattawan ikkilisiya, kada mu bari ya mutu a hannunmu. Ubangiji ya maido mana da salama, amin.