Tarihi: Yadda Sojin Saman Amurka Suka Kafa Rundunar Yaƙin Intanet

Tarihinmu na wannan karon zai kai mu Amurka ne, mu ga yadda rundunar da aka sani da jiragen yaƙi ta wayi gari tana ɗaukar masana kwamfuta aiki tana ɗaura masu kaki.

A watan Disamba na 2005, Sakataren Sojin Sama Michael Wynne da babban hafsan rundunar, Janar Michael Moseley, suka sake rubuta manufar rundunar. Daga ranar, in ji su, fagen famansu uku ne: sama, da sararin samaniya, da duniyar intanet. Mutane da yawa sun yi mamaki, me ya haɗa matuƙin jirgi da kutsen kwamfuta? Amma wanda ya san yadda jirgin yaƙi na zamani yake aiki ba zai yi mamaki ba. Taswirar da matuƙi ke bi, da umarnin da ake aiko masa, da hoton wurin da zai jefa bam, har da lissafin mai da kayan gyara, duk ta kwamfuta suke bi. Jirgi maras matuƙi kuwa, irin waɗanda Amurka ta girke a Agadas kafin ta kwashe sojojinta daga Nijar a 2024, ana iya sarrafa shi daga wata nahiya ta hanyar tauraron ɗan'adam. Wanda ya tsinke wannan igiya, ko ya shiga cikinta, ya gama da jirgin ba tare da ya harba harsashi ko ɗaya ba.

Sojin sama ba baƙi ba ne a harkar. Tun 1948 suke da sashen da ke sauraren saƙonnin rediyon abokan gaba, wanda daga baya ya yi zamansa a birnin San Antoniyo na jihar Tekzas. A 1993 suka buɗe cibiyar yaƙin bayanai a wannan birni, a 1995 kuma suka kafa wata 'yar ƙaramar tawaga mai lamba 609 a jihar Karolina ta Kudu domin gwada wannan sabon salon yaƙi. Tawagar ba ta yi tsawon rai ba, an rushe ta a 1999.

Abin da Wynne ya so ya wuce haka nesa. A watan Nuwamba na 2006 ya sanar cewa za a kafa babbar runduna guda mai cin gashin kanta domin yaƙin intanet, aka ɗora alhakin share fage a kan Runduna ta 8 da ke sansanin Barksdale a jihar Luwiziyana, wato masu manyan jiragen nan na B-52. A watan Satumba na 2007 aka buɗe ta a matsayin ta wucin gadi ƙarƙashin Manjo Janar William Lord, da niyyar ta tsaya da ƙafafunta ranar 1 ga Oktoba, 2008. Abin da ya faru a Estoniya a watannin Afrilu da Mayu na 2007 ya ƙara wa masu wannan ra'ayi ƙarfin gwiwa. Bayan gwamnatin ƙasar ta ɗauke wani gunkin tunawa da sojan Sobiyet daga tsakiyar birnin Talin, sai aka yi wa shafukan bankuna da jaridu da ma'aikatun gwamnati ruwan saƙonni na bogi har suka durƙushe, aka shafe makonni ana fama.

Nan fa gwamnoni da 'yan majalisa na jihohi da dama suka shiga kamun ƙafa, kowa na son a kai hedikwatar jiharsa, domin inda hedikwatar soja ta sauka, ayyuka da kwangiloli na biye. Rundunar ma har tallace-tallace ta riƙa sakawa a talabijin tana nuna kanta a matsayin mai tsaron ƙasa daga masu kutse. Sojin ƙasa da na ruwa da hukumar leƙen asiri ta NSA ba su ji daɗin wannan ba. A ganinsu sojin sama na neman haɗiye fage guda ne su kaɗai, tare da kasafin kuɗin da zai biyo baya. Ni dai ina ganin suna da hujja, domin babu rundunar da ba ta dogara da kwamfuta, kuma ba a raba intanet kamar yadda ake raba tudu da teku.

Abin da ya kashe shirin dai ba kishiyoyi ba ne, sakaci ne na cikin gida. A ƙarshen watan Agusta na 2007, wani jirgin B-52 ya tashi daga sansanin Minot na Dakota ta Arewa ya sauka a Barksdale ɗauke da makamai masu linzami guda shida masu kan nukiliya. Matuƙan ba su sani ba, waɗanda suka loda ba su lura ba, aka yi kusan awa 36 babu wanda ya san makaman sun bar ma'ajiyarsu. Ana cikin wannan kuma, a watan Maris na 2008 aka gano cewa tun 2006 an aika wa Taiwan wasu sassan makami mai linzami na nukiliya bisa kuskure, a zaton batiran jirgi mai saukar ungulu ne. Ranar 5 ga Yuni, 2008, Sakataren Tsaro Robert Gates ya sa Wynne da Moseley duka suka ajiye aiki. Saƙon a bayyane yake: ku fara riƙe amanar da ke hannunku kafin ku nemi ƙari.

Sababbin shugabanni suka dakatar da shirin a watan Agusta, a Oktoba kuma suka ce babu batun babbar runduna. Murnar mutanen Luwiziyana ta so komawa ciki, sai dai an share masu hawaye ta wata hanya, domin a Barksdale ɗin aka kafa sabuwar rundunar kula da makaman nukiliya a 2009. Yaƙin intanet kuwa aka rage masa matsayi, aka mai da shi Runduna ta 24 a ƙarƙashin masu kula da sararin samaniya. An buɗe ta ranar 18 ga Agusta, 2009 a sansanin Lackland na San Antoniyo, Manjo Janar Richard Webber ne kwamandanta na farko.

A daidai lokacin da ake wannan ja-in-ja, ɓarna na can tana gudana. A 2008 wani ya soka filas mai ɗauke da ƙwayar cutar kwamfuta a wata laftof ta soja a wani sansanin Amurka da ke Gabas ta Tsakiya. Cutar ta bazu har cikin hanyoyin sadarwa na sirri, aka hana sojoji amfani da filas gaba ɗaya, aka kuma shafe fiye da shekara ana shara. (Masu karɓar filas ɗin kowa a shagon buga takardu su soka a kwamfutar ofis, ga abin dubawa.) Wannan lamari na cikin abubuwan da suka sa Gates ya ba da umarni a watan Yuni na 2009 a kafa runduna ɗaya ta haɗin gwiwa da za ta tattara dukkan sojojin intanet na ƙasar. Ta fara aiki a watan Mayu na 2010 a Fort Meade da ke jihar Merilan, ƙarƙashin Janar Keith Alexander, wanda shi ne kuma shugaban NSA. Kujerar da sojin sama suka yi wa tanadi ta tafi hannun wani, su kuma suka zama masu ba da gudummawar dakaru. Daga cikin tawagogi 133 da aka tsara, masu mutum kusan 6,200, sojin sama sun kawo 39.

Aikin Runduna ta 24 na yau da kullum bai yi kama da abin da ake gani a fim ba. Mafi yawansa gadi ne: toshe kafofi, sabunta manhajoji, bin sawun wanda ya leƙo. Kuma kafofin suna da yawa. A Disamba na 2009 jaridar Wall Street Journal ta ruwaito cewa mayaƙa a Iraƙi na kallon hotunan da jiragen Amurka marasa matuƙi ke aikowa, ta amfani da wata manhaja ta dala 26 kacal, saboda ba a kulle saƙon ba. A 2011 kuma aka samu ƙwayar cuta a kwamfutocin sansanin Creech na jihar Nebada, inda ake tuƙa irin waɗannan jirage, ko da yake rundunar ta ce ba ta hana su tashi ba.

A hankali aka gane cewa raba masu kutse da masu leƙen asiri wahalar da kai ne, tunda ba ka shiga gidan da ba ka san ƙofarsa ba. Masu leƙen asirin suna Runduna ta 25 da aka kafa a 2014, ita ma a San Antoniyo. A 2018 aka ɗauke ta 24 daga hannun masu sararin samaniya aka mai da ita ƙarƙashin rundunar jiragen yaƙi, sannan ranar 11 ga Oktoba, 2019 aka narkar da biyun suka zama Runduna ta 16, wadda ta haɗa kutse da kariya da leƙen asiri da yaƙin na'urorin lantarki, har da hasashen yanayi. Kwamandanta na farko, Laftanar Janar Timothy Haugh, shi ne ya hau kujerar Fort Meade a watan Fabrairu na 2024, wato hafsan sojin sama ya zauna a inda Wynne ya so tun farko. Bai daɗe ba, gwamnatin Trump ta sauke shi a watan Afrilu na 2025.

Har yanzu ana muhawara a majalisar dokokin Amurka kan ko a ware wa yaƙin intanet rundunarsa ta daban, kamar yadda aka ware wa sararin samaniya a Disamba na 2019. Babban abin da masu goyon baya ke kafa hujja da shi shi ne albashi da ƙarin girma: soja ya kashe shekaru yana horar da matashi, da zarar ya ƙware sai kamfanoni su ninka masa albashi ya tuɓe kaki.