Mai Riƙe da Makullin Netwok

Lokacin da Janar Ibrahim Babangida ya yanko Jihar Taraba daga tsohuwar Gongola, ranar 27 ga Agusta, 1991, kayan aikin da suka biyo ma'aikata daga Yola zuwa Jalingo fayil-fayil ne ɗaure da zare, sai tafireta. A banki ma haka abin yake. Akawu ya buɗe ƙaton littafi, ya bi layi da yatsa har ya gano sunanka, manaja ya sa hannu, a ƙirgo maka kuɗinka. Komai a gaban idonka.

Shekara goma kafin nan, a 1981, wani ma'aikacin banki a Boston ta Amurka, William Synnott, da William Gruber suka fitar da littafin da ya yaɗa sunan wani sabon muƙami: babban jami'in fasahar bayanai, wanda Turawa ke taƙaitawa da CIO. Hujjarsu ita ce bayanai dukiya ce kamar kuɗi, don haka mai kula da su ya cancanci kujera kusa da shugaban kamfani. A lokacin kuwa mutumin ɗakin kwamfuta ba a tuna shi sai na'ura ta lalace. A 1996 Amurka ta yi dokar da ta wajabta wa manyan ma'aikatun tarayya naɗa irin wannan jami'i.

Mu nan guguwar ta iso ne da wayar salula a 2001, sannan garambawul ɗin gwamnan Babban Bankin Najeriya na lokacin, Charles Soludo, na 2005 da ya mayar da bankuna 89 zuwa 25. Rassa suka haɗe a kan na'ura guda. Lambar tantance masu asusu, BVN, ta biyo baya a 2014. Daga nan ikon manajan reshe ya fara zagwanyewa, ba tare da an yi shela ba.

Duk wanda ya tsaya layi a titin Hammaruwa na Jalingo a farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, ya ga abin da idonsa. Rana na dukan ƙeya, dattijo riƙe da katinsa tun asuba, ma'aikaciya ta leƙo ta ce, "Baba, a yi haƙuri, babu netwok." Manaja na ciki, amma ba shi da ta cewa. Wanda zai iya kwance matsalar, wato babban jami'in fasahar bayanai, yana hedikwata, a Legas ko Abuja, kuma Baba bai taɓa jin sunansa ba. Wannan ne ke ci mini tuwo a ƙwarya: hukuncin da ya shafi cefanen gida a Jalingo ana yanke shi a ɗakin da mai cefanen ba zai taɓa shiga ba.

Nauyin jami'in ma ya ƙaru. A da, gyaran na'ura ne aikinsa. Yanzu shi ke tsare asusu daga 'yan damfara, shi ke tsara yadda mai POS a bakin kasuwa zai karɓi kuɗin doya. Tun da aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a a watan Yunin 2023, in bayanan mai ajiya suka fita, kamfani zai amsa tambaya, kuma ƙofarsa za a fara ƙwanƙwasawa.