Babi na Uku: Sojojin Afirka ta Yamma a Rundunar Holan da Abin da Suka Bari a Ƙetare

3.0 Gabatarwa

A garin Dutse da kewayensa, kamar Kiyawa da Birnin Kudu, da wuya a haɗa lefe na gani na faɗa ba a sa atamfa 'yar Holan ba. Sai dai kaɗan ne suka san cewa dangantakar Holan da Afirka ta Yamma ta haɗa har da ɗibar mutane zuwa yaƙi. A wannan babi za a yi bayanin yadda Turawan Holan suka kwashi sojoji daga wannan yanki zuwa tsibirin Jawa, da hanyar da Hausawa suka shiga cikinsu, da kuma makomar zuriyarsu.

3.1 Dalilin Ɗibar Sojoji

Tun daga shekarar 1637 Turawan Holan suke riƙe da garin Elmina, a gaɓar tekun ƙasar Ghana ta yau. A ɗaya ɓangaren kuma suna mulkin tsibiran da a yanzu ake kira Indunusiya. Yaƙin Jawa na 1825 zuwa 1830 ya cinye musu dubban sojoji, galibi saboda cututtuka, sannan a 1830 ƙasar Beljiyam ta ɓalle daga Holan, ta rage musu wurin samun kurata. Don haka sai suka waiwayi Afirka, bisa zaton cewa baƙar fata zai fi jure zafi da zazzaɓi.

An fara ɗibar a 1831, amma ba a sami masu sha'awa da yawa a bakin teku ba. Wannan ya sa a 1837 Janar Jan Verveer ya tafi Kumasi, ya ƙulla yarjejeniya da Sarkin Asante Kwaku Dua na Ɗaya, cewa sarkin zai kawo mutum 1,000 cikin shekara guda, a ba shi bindigogi 2,000 a matsayin kafin alƙalami. Aka buɗe ofishin ɗibar kurata a Kumasi a ƙarƙashin Jacob Huydecoper.

3.2 Yadda Hausawa Suka Shiga

Tonawa, wato mutanen Asante, ba su ba da 'ya'yansu ba. Mafi yawan waɗanda aka miƙa bayi ne da aka kawo daga arewa, irin su Mosawa da Gurunsawa da Dagwambawa, har da Hausawa. Hanyar da ta kai su can ita ce hanyar fataken goro, wadda ta tashi daga Kano ta ƙetare Kwara ta bi ta Borgu zuwa Salaga a ƙasar Gwanja. Ayarin fatake kan tafi da kanwa da baƙin Kano da jemammun fatu da dabbobi da bayi, ya komo da goro. A wancan zamani ƙasar Dutse tana ƙarƙashin masarautar Kano, wadda ita ce cibiyar wannan fatauci.

Dabarar da Turawan suka yi ita ce, a biya ubangijin bawa fansa, a ba bawan takardar 'yanci, sannan a riƙa cire kuɗin daga albashinsa na soja. Gwamnatin Ingila ta yi ƙorafin cewa wannan cinikin bayi ne aka sake wa suna. Saboda wannan ƙorafi, da kuma boren da sojojin suka yi a 1840 da 1841, an dakatar da ɗibar a 1842. An sake farawa daga 1855, har zuwa 1872 lokacin da Holan ta miƙa Elmina ga Ingila. A jimlace an kwashi mutum fiye da 3,000.

3.3 Rayuwarsu a Jawa

Mutanen Jawa sun laƙaba musu suna Belanda Hitam, ma'ana baƙaƙen 'yan Holan. An canza wa da yawansu suna zuwa na Turawa, an shigar da su addinin Kirista, an kuma yi musu alkawarin daidaita su da sojojin Turai wajen abinci da sutura da takalmi. Saɓa wannan alkawari, kamar maye musu katifa da tabarma, shi ya haddasa boren da aka ambata. Sun yi yaƙi a Sumatara, da Bali a 1849, da kuma Ace daga 1873, inda aka tura su a kan daular Musulmi.

Waɗanda suka gama aiki suka zaɓi dawowa, akasarinsu ba su koma garuruwansu na asali ba, sun zauna a wata unguwa a Elmina da ake kira Tudun Jawa. Wasu kuwa sun auri matan Jawa suka zauna a can, musamman a garin Purworejo, inda aka ba su fili a 1859. 'Ya'yansu da jikokinsu maza suka gaji aikin soja.

3.4 Yaƙin Duniya na Biyu da Ƙaura Zuwa Holan

A 1942 Japanawa suka mamaye Jawa, suka tsare sojojin Holan har da jikokin waɗannan 'yan Afirka. An tura wasunsu aikin tilas a hanyar jirgin ƙasa mai tsawon kilomita 415 da ta haɗa Tailan da Bama, inda dubban fursunoni suka mutu. A daidai wannan lokaci, daga 1943 zuwa 1945, runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, masu ɗauke da Hausawa da yawa daga lardunan Arewa har da lardin Kano, suna fafatawa da Japanawa a yammacin Bama a ƙarƙashin tutar Ingila. Ke nan jinin Afirka ta Yamma ya zuba a ƙasa guda a ƙarƙashin tutocin Turawa biyu.

Bayan Holan ta amince da 'yancin Indunusiya a 1949, zama ya gagari zuriyar, domin ana yi musu kallon 'yan koren 'yan mulkin mallaka. Mafi yawansu suka yi ƙaura zuwa Holan a shekarun 1950.

3.5 Abin da Aka Gada

Akwai labarin da ya yaɗu cewa sojojin da suka dawo su ne suka kawo zanen batik na Jawa, wanda ya zama atamfa. Abin da ya tabbata a tarihi shi ne, masana'antun Holan sun kwaikwayi batik da inji, mutanen Jawa ba su karɓe shi sosai ba, sai aka karkatar da shi zuwa kasuwannin Afirka ta Yamma a shekarun 1890. Kamfanin Vlisco, wanda aka kafa a garin Helmond a 1846, shi ne mai buga atamfa 'yar Holan da ake sarowa daga Kantin Kwari a Kano zuwa kasuwannin Jigawa irin ta Shuwarin. Ban da wannan, a 2003 an buɗe gidan tarihi na Jawa a Elmina domin tunawa da sojojin.

3.6 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, an ga cewa fataucin goro ya fitar da Hausawa har zuwa gabashin duniya, kuma an canza wa da yawansu suna a aikin soja. Ana tunawa da su a Elmina da Holan, amma a ƙasar Hausa atamfar kawai aka sani. Ya dace masu nazarin tarihin Kano da Jigawa su duba rajistar kuratan Kumasi da ke ajiye a ma'adanar tarihi ta Holan, domin a cikinta an rubuta garuruwan da kuratan suka ce daga nan suka fito.