Daga Mangala Zuwa Kwantena: Yadda Gida Ke Tashi Daga Ƙofar Sauri

Tsofaffin birnin Katsina har gobe Ƙofar Samri suke cewa maimakon Ƙofar Sauri, kamar yadda suke cewa zamna a inda Bakano zai ce zauna. Da wannan sunan ma Baturen Jamus ɗin nan Heinrich Barth, wanda ya zaga ƙasar Hausa yana amsa sunan Abdulkarim, ya rubuta ta cikin jerin ƙofofin birnin bayan zuwansa a watan Janairun 1851. Ƙofar tana kallon hanyar Kaita da Ɗankama ne, wajen iyakar Nijar ta yau. Wanda ya tsaya bakinta yanzu babura da motocin haya zai gani, amma an yi zamanin da gidaje sukutum ke ficewa ta wannan shiyya: maigida da matansa da 'ya'ya da barori, tabarmi da tukwane duk an ɗaure a bayan jakai da takarkarai.

Barth ya tarar da ganuwa mai kewayen mil 13 zuwa 14, amma mutanen da ke ciki, a ƙiyasinsa, ba su wuce dubu bakwai ko takwas ba. Sauran fili gonaki ne da kangaye. Mutanen tashi suka yi. Da jama'ar Malam Ummarun Dallaje suka ci birnin a 1807, Sarki Magajin Haladu ya nufi Ɗankama, inda rayuwarsa ta ƙare a cikin rijiya, ragowar gidan sarautar kuma suka bi Ɗankasawa har suka kafu a Maraɗi. Yaƙin da ya daɗe tsakanin Katsinar Maraɗi da Katsinar birni ya lalata hanyar arewa, attajirai suka riƙa kwashe iyalansu suna komawa Kano. Ko cikin Agalawa, fataken goro da asalinsu ya gangaro daga Azbin, akwai gidan Baba Talatin da ya tashi daga Katsina ya sauka Madobi. Jikansa shi ne Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877.

Tashin gida a wancan lokaci sana'a ce mai masu ita. Ba mai haɗa kayansa ya kama daji shi kaɗai, sai dai ya jira ayari, ya je ya gaida madugu, a yi ciniki. Madugu ne ya san rijiyoyi da zanguna, ya san sarkin da ake ba rigar Kano da wanda kanwa ta ishe shi. Jagaba na gaba yana duba hanya, uban dawaki na kula da abin da za a biya a kowace ƙasa da masu saura a baya, ga kuma malamin ayari da ke zaɓar ranar tashi, ya rubuta wasiƙu, ya riƙe lissafin dukiyar wanda ajali ya riska a hanya. A bakin kowane babban kogi da kowace iyaka sai an biya kuɗin fito. Kalmar ba ta mutu ba, da ita ake kiran harajin kwastan har yau.

Ɗaurin kaya kuwa shi ne inda gwani ke bambanta da ɗan koyo. A ɗora wa jaki akumari, a kawo mangala ko waga, a raba nauyi biyu daidai wa daida. In ɓari ɗaya ya rinjayi ɗaya ko da kaɗan ne, kafin azahar bayan jakin ya sale, jakin da ya yi gyambo kuwa ya tashi daga aiki, sai a rasa inda za a kai kayansa. Saboda haka mai ɗauri yakan ɗaga kowane taiki da hannu ya ji nauyinsa, in ya ga da saura ya cusa curin kanwa ko ɗan dutse a ɓarin da bai kai ba. Tufafi a adudu, mai a tandu, ruwa a salka, littattafan malam a gafaka. Raƙumi, wanda Buzaye ke bayarwa haya ga mai nufin Agadas da Gat da Gadamas har Tarabulus, yakan ɗauki kimanin kilo 150. Jaki bai fi sulusin haka ba.

Akwai wani abu da masu ba da tarihin fatauci kan tsallake, watakila don yawancinsu maza ne. A gidan Bahaushe kayan gida na mace ne. Iyayenta suka yi mata gado da tasoshi da ƙoran jere, ita ce kuma za ta ce wannan a ɗauka, wannan a bari. Ƙoran nan masu zane a jera su ƙarama cikin babba, a sa tsumma tsakani, a zuba cikin ragaya, matar ta aza gammo ta ɗauka da kanta, don ba ta yarda ta bar wa jaki su ba. Turmi da dutsen niƙa da randa ba sa tafiya. Su ake rabar wa maƙwabta ranar sallama, ana kuka ana neman gafara. Mutum zai iya gane gidan da ba shi da niyyar dawowa daga abin da matansa suka rabar.

A can inda za a sauka, fatoma ke jira. Shi zai ba baƙo ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya yi masa tafinta, ya tsaya masa a gaban sarkin gari, ya ci la'adarsa. Da irin waɗannan masaukai zangunan Salaga da Kumasi da Ankara suka tsiro a ƙasar Gana ta yau. Malam Idrisu Naino, wanda ya kafa zango a Ankara a ƙarni na 19, Bakatsine ne, ɗansa Malam Baƙo kuma shi ya kafa Sabon Zango da ke nan har yau. Katsina ita ma ta sha karɓar irin waɗannan baƙi, sunayen unguwanninta shaida ne: Masanawa ta samo suna daga Wali Ɗan Masani, wanda asalin gidansu Barno ne.

Hanyar gabas ta fi kowace cin gida. Malam Muhammadu al-Kashinawi, masanin lissafin nan, ya bar Katsina ya yi hajji, ya zauna Alƙahira a gidan Hasan al-Jabarti har ya rasu a 1741, littattafansa suka zauna a can. Talakawa da suka bi sawunsa ta Barno da Wadai da Darfur zuwa gaɓar Bahar Maliya sukan shekara biyar, goma, wasu fiye, suna tafe suna tsayawa noma da ƙodago. Kayan da aka fito da su daga gida su ne guzuri: yau a sayar da tasa, gobe a sayar da zane, kafin a ga Jidda ba abin da ya rage sai buta da allo. Bayan yaƙin Burmi na 1903 hijirar ta zama ta dubbai, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya kai jama'arsa bakin Shuɗin Nilu a Sudan, garin da suka kafa yana amsa sunansa har yanzu. Da yawa ba su ƙarasa Makka ba, gonakin audugar Jazira da aka buɗe a 1925 suka riƙe su.

Turawa ne suka fara raba mutum da kayansa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, shekarar da Italiya ta auka wa Tarabulus, hanyar hamada ta ƙarasa mutuwa. Dogon Turawa bai shiga birnin Katsina ba, ta Funtuwa ya ratsa ya nufi Gusau da Ƙauran Namoda, saboda haka Joji ko Razdan da aka yi wa canji sai a kasa kayansa cikin akwatunan ƙarfe da na katako, kowanne kimanin laba 60, daidai kan ɗan alaro guda. 'Yan alaro su kai tasha, jirgin ƙasa ya kai Ikko, jirgin ruwan kamfanin Elder Dempster ya kai Libaful cikin mako biyu ko kusa da haka. Kowane akwati da lambarsa da sunan mai shi, ga takarda a hannun akawu. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya bi wannan sabuwar hanya a 1921, ya shiga jirgin ruwa ya biya ta Ingila sannan ya wuce hajji, ya dawo gida alhali wasu talakawansa da suka riga shi tashi da ƙafa ba su ko fita Darfur ba.

Kamfanonin kwasar kayan gida na Turai su ma jikokin fatake ne. Pickfords na Ingila, wanda ake danganta farkonsa da ƙarni na 17, da dawakan dako ya soma. A 1950 irin waɗannan kamfanoni suka kafa ƙungiyarsu ta duniya mai suna FIDI, wadda ofishinta ke Brussels, domin kamfanin da ya ɗaure kaya a wata ƙasa ya sami amintaccen da zai kwance su a wata. Fatoma ke nan ya sa kwat. Sai kuma 1956, da Ba'amurke Malcom McLean ya ɗora kwantena 58 a jirgin Ideal X daga Newark zuwa Houston. Daga nan sana'ar ta sami mangalarta ta ƙarfe: mai ƙafa 20 tana cin kimanin kubik mita 33, mai ƙafa 40 ta ninka haka.

Likita ko malamin jami'a ɗan Ƙofar Sauri da ya gama aiki a Ingila ko Malesiya, yana son dawowa da iyali, ga abin da zai tarar. Kamfani zai turo mai duba kaya, ko a zaga da shi gidan ta bidiyon waya, ya buɗe kowace durowa ya ƙiyasta girman kayan, don da faɗin wurin da suka ci ake biya a jirgin ruwa, a jirgin sama kuwa nauyi ne kan gaba. Wanda kayansa ba su cika kwantena ba sai a haɗa shi da wasu, ya jira har ta cika, kamar dai mai jiran ayari. Ranar ɗauri ma'aikata su zo da kwalaye da takardar naɗi. Faranti a tsaye ake jera shi, kowanne da rigarsa ta takarda, littattafai a ƙananan kwalaye don kada su gagari ɗauka, a kwance ƙafafun gado a ƙulle kusoshinsa a leda a manna a jikinsa. Kowane kwali a buga masa lamba, a rubuta abin da ke ciki a jerin da maigida zai sa wa hannu. A rufe kwantena a gabansa, a datse da hatimi mai lamba.

Uwargida takan so ta ɗaure kayan ɗakinta da hannunta, kamar kakarta. A nan ake samun saɓani, domin kwalin da mai kaya ya ɗaure da kansa kamfanonin inshora ba su cika biyan abin da ya fashe a cikinsa ba. Inshorar ce ma babban abin da ya raba jiya da yau. In 'yan fashi suka auka wa ayari, ko jaki ya nutse a Kwara, sai dai a yi wa mai kaya jaje, a ce Allah ya mayar da alheri. Yanzu asara tana da farashi tun kafin a tashi, muddin mutum ya faɗi ƙimar kayansa ta gaskiya, abin da Bahaushe bai cika son yi a gaban baƙo ba.

Teku ba ta cika ba da wahala ba, makonni ne kaya sun iso Apapa ko Tin Can. Wahalar a tasha take. Dokar kwastan ta yafe kuɗin fito a kan kayan gida da aka riga aka yi amfani da su ga ɗan ƙasa da ya zauna waje aƙalla wata tara, amma yafiyar ba ta shafi mota ba, kuma sabon kaya mai yawa a cikin kwalinsa yakan sa jami'i ya ce wannan haja ce. Takarda ɗaya ta ɓata, kwantena ta kwana, kowace kwana kuma da kuɗinta. An buɗe tashar tsandauri ta Dala a Kano a 2023, ta Funtuwa a 2024, ga aikin dogon Kano zuwa Maraɗi ta Katsina da Jibiya da aka aza harsashinsa a 2021, duk da fatan a riƙa kammala takardu kusa da gida. Kafin hakan ya zauna da gindinsa, tirela ce ke jan kaya fiye da kilomita dubu daga Ikko, tana tsayawa a shingayen da ko uban dawakin da ya fi kowa haƙuri zai gaji da ƙirga su.

Gaskiya kuma, 'yan kaɗan ne ke da ƙarfin wannan hidima. Yawancin Katsinawan da suka dawo daga Gana bayan korar baƙi ta 1969 a bayan manyan motoci suka iso, da abin da hannu ya iya ɗauka. Masu dawowa daga Jidda da Makka a yau 'yan kago suke ba kayansu, a auna a kilo, a naɗe jakar Gana-mas-go da salatif, a rubuta lambar wayar ɗan'uwa da maka a jikinta. Mai tashi zuwa Maraɗi ko Damagaram direban da ya sani a tasha yake nema, su yi magana baki da baki, shaidarsu ɗan kamasho.

Ko wanda ya biya kamfani tun daga Landan har ƙofar gida, akwai inda kwangilar ke cijewa. Tirela mai ƙafa 40 ba ta shiga lungunan cikin birni. A bakin titi take tsayawa, a yanke hatimi a gaban maigida, yana riƙe da takardarsa yana duba lamba ɗaya bayan ɗaya, yaran unguwa sun yi da'ira suna kallo. Firji da kujeru a ɗora su a kura. Kwalayen da aka rubuta wa gargaɗin fashewa da jan alƙalami kuwa, uwargida na tsaye a zaure tana nuna ɗakin da za a kai kowanne, 'yan dako su naɗe gammo su aza a ka.