Daga Bayan Jaki Zuwa Bodin Kanta: Tarihin Jigilar Harawa a Tambuwal da Kebbe

Da zarar kaka ta yi a kudancin jihar Sakkwato, duk wanda ya bi titin da ya taso daga birnin Shehu ya ratsa Tambuwal zuwa Jega zai riƙa cin karo da motoci an laɓta musu harawa har ta ninka tsayinsu. Mai kallo zai ɗauka cewa babbar mota ce maganin wannan sana'a. Tarihin yankin ya nuna cewa lissafin ya fi haka zurfi, kuma mutane da dama sun binne jarinsu saboda rashin fahimtarsa.

Kafin zuwan mota

Harawa ta daɗe da zama haja a wannan ƙasa. A ƙarni na 19, Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna a Tambuwal, garin ya zama ɗaya daga cikin ribaɗoɗin da ke tsare Daular Usmaniyya. Ribaɗi ba ya tsayuwa sai da dawaki, doki kuwa ba a sakinsa kiwo kamar saniya, a turke ake kai masa abinci. Saboda haka yankan ciyawa da tanadin harawar wake suka zama aiki mai zaman kansa. Ka da jaki da raƙumi su ne abin ɗauka, kuma tafiyar ba ta wuce daga gona zuwa gari, ko zuwa kasuwar da ke kusa. Dalili a fili yake: harawa tana da cika ido amma ba ta da nauyi, kuma kuɗinta bai kai a yi mata doguwar tafiya ba. Fatake sun gwammace gishiri da kanwa da goro da fatar jar akuya.

Zuwan Turawa a 1903 bai sauya wannan nan take ba. Layin dogo ya isa Kano a 1911, reshensa ya kai Ƙauran Namoda a 1929, ya tsaya can. Bai taɓa isa Sakkwato ba. Wannan ya sa ƙasar ta dogara ga mota fiye da Kano ko Zariya, amma motocin farko gyaɗa da auduga da fatu suke ɗauka. Harawa ta ci gaba da zama kayan jaki.

Zamanin gingimari

Abubuwa biyu ne suka buɗe wa harawa hanyar kwalta. Na farko fari. Na 1973 da na 1984 sun ƙone makiyaya a faɗin Sahel, suka koya wa makiyayi cewa daji kaɗai ba zai riƙe garke zuwa faɗuwar damina ba. Na biyu faɗaɗar birane da yawaitar kiwon turke, musamman ragunan Babbar Sallah. Kudancin jihar ya fi arewacinta samun ruwan sama, ga kuma fadamun Gulbin Zamfara a ɓangaren Kebbe, don haka nan ne ake samun rarar kara da harawa.

A daidai wannan lokaci arzikin man fetur ya cika ƙasa da motoci. Kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, aka kuma buɗe masana'antar ANAMMCO mai haɗa Marsandi a Inugu a 1980. Motar da ta yi fice a karkara ita ce Marsandi 911 mai bodin katako. Sunanta na ɗauke da bayaninta: 9 na nufin nauyin kusan tan 9 har da kaya, 11 kuma ƙarfin doki 110. Ƙirarta ba ta da sarƙaƙiya, cikinta ya yi nisa da ƙasa, kuma bakaniken gefen titi na iya kwance injinta ya mayar. Bayan faɗuwar darajar naira daga 1986, sabuwar mota ta gagari ɗan kasuwa, aka koma ga na hannu. Daga nan ne Kanta, wato Mitsubishi Canter, ta samu shiga.

Abin da hanyar daji ta koyar

Darasi na farko shi ne harawa tana cika mota tun kafin ta yi mata nauyi. Wanda ya sayi mai ɗaukar tan da yawa don harawa kaɗai yana ƙona man gas ne a kan ƙarfin da ba ya amfani da shi. Tsawon bodi da faɗinsa su ne abin dubawa.

Na biyu, ana rama rashin nauyin ne da tula kaya sama. Yayin da lodi ya yi tsayi, mota kan yi rangaji, kuma kwazazzabo ɗaya ko gangaren gulbi ya isa ya kwantar da ita. Ga rassan itatuwa, ga wayar lantarki, ga kuma hatsarin gobara idan busasshiyar ciyawa ta kusanci salansa.

Na uku ƙasar kanta. Da rani yashi ne ke riƙe taya, da damina kuma laka. Mota mai nauyi ta fi saurin nutsewa, kuma idan ta kafe a dajin Kebbe samun abin da zai ja ta ba ƙaramin aiki ba ne. A shekarun nan da matsalar tsaro ta addabi dazuzzukan iyakar Sakkwato da Zamfara da Kebbi, kwana a daji saboda lalacewar mota ya wuce asarar kuɗi. Shi ya sa direbobi ke fifita motar da za a samu kayan gyaranta a Jega ko Sakkwato a yini guda.

Rabon aiki

Da waɗannan darussa sana'ar ta tsara kanta hawa-hawa. Jaki da amalanken shanu, wani lokaci tarakta mai jan tirela, su ke kwaso dammuna daga gona zuwa bakin hanya, domin suna bin burtali da gefen kunya inda mota ba ta shiga. Kanta ta ɗauka zuwa kasuwa. Babbar mota tana jira a kan kwalta, inda girmanta ke da riba. Manomi kuma yakan jibge harawarsa a kan bishiya ko rufin ɗaki har bazara, lokacin da ciyawa ta ƙare farashi ya tashi.

Ga ma'aikaci ko ɗan kasuwar da ke shirin zuba kuɗin sallamarsa a wannan harka, tambayoyin da tarihi ya bari uku ne. Ina motar za ta tsaya, gona ko bakin titi? Wane kaya za ta ɗauka a watannin da babu harawa, hatsi ko albasa ko dabbobi? Wa zai gyara ta idan ta tsaya a Kuchi ko Dogon Daji? Amsoshin nan su ke nuna girman motar da ta dace, kuma sau da yawa sukan nuna cewa matsakaiciyar mota da amalanke biyu sun fi gingimari ɗaya kawo riba.